Kundin aiki: neman CMS ɗin da zan riƙa gina wa kwastomomi shafi da shi

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Ayyuka uku ne a gabana, kuma a kansu nake so in yanke shawarar CMS, wato manhajar sarrafa rubutu da hotunan shafin intanet, da zan riƙa ɗora shafukan kwastomomi a kai daga yanzu. Na farko na wata ƙungiya ce mai wallafa rahotanni a harsuna biyu, shafinta ya daɗe a kan Drupal 7. Masu Drupal sun sanar cewa ranar 5 ga Janairu, 2025 za su daina fitar da gyaran tsaro ga wannan sigar, kuma ba za a sake ƙara wa'adi ba. Saura ƙasa da wata uku ke nan. Na biyu ƙaramin kamfani ne da ke son 'yan shafuka kaɗan: su wane ne, me suke yi, hotunan aikinsu, da fom ɗin tuntuɓa. Na uku marubuciya ce da ke son tura wa masu karatunta wasiƙa ta imel duk mako, nan gaba kuma ta keɓe wani ɓangare ga masu biya.

Gina shafi ba ya ba ni tsoro. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo baya in na miƙa aiki na tafi. Wa zai zauna ya sa sabon labari? Wa zai sabunta manhajar in an gano ɓaraka? In kwastoma ya gaji da ni, ko ni na bar wannan sana'a, zai iya kwashe kayansa ya kai wa wani ba tare da an sake rubuta komai ba? Da waɗannan tambayoyi zan auna kowace manhaja. Kyawun fuska da yawan abubuwan da ake tallatawa za su zo daga baya.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na girka WordPress, Drupal 10, Joomla 5, Ghost da Hugo a kwamfutata. Kowanne na zuba masa kaya iri ɗaya: rahoto mai tebur da hotuna, gajeren labari, da shafin ma'aikata. Wix da Squarespace na ajiye su gefe. Suna da sauƙi ga wanda zai yi wa kansa, amma shafin Wix ba ya ɗaukuwa a kai shi wata sabar, wato kwamfutar da shafi ke zaune a kai, ni kuwa ba zan gina wa mutum abin da ba zai iya ƙaura da shi ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Rigimar da ake yi a duniyar WordPress ta shigo cikin lissafina ko ban so ba. Tun watan Satumba Matt Mullenweg, wanda shi da Mike Little suka fara WordPress a 2003, yake takun saƙa da WP Engine, kamfanin da ke ba shafukan WordPress masauki a sabobinsa. Ranar 25 ga Satumba aka toshe wa sabobin kamfanin hanyar shiga WordPress.org, wato inda ake saukar da sabuntawa da filogin, ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress domin ƙarin aiki. Kamfanin ya kai ƙara kotu a farkon wannan wata. Shekaranjiya Asabar kuma aka karɓe gurbin filogin ɗin Advanced Custom Fields, mallakar WP Engine, a rumbun WordPress.org, aka maye shi da wani mai suna Secure Custom Fields.

Ba ni da abin cewa a kan mai gaskiya a cikinsu, wannan aikin kotu ne. Abin da ya shafe ni shi ne, da wannan filogin dubban masu gina shafi suke ƙera filayen bayanai na musamman, kuma da shi na yi niyyar tsara rahotannin ƙungiyar in da WordPress zan kai su. Ita manhajar WordPress tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da ita da gyara ta, ba mai iya ƙwace ta daga hannun kowa. Amma ƙofar da sabuntawa ke bi guda ɗaya ce, kuma yanzu mun ga ana iya rufe ta. Wannan bai isa ya sa in guje wa manhajar da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet ke kanta ba. Ya dai ƙara mini ƙarfin ra'ayin da nake da shi: kashin bayan shafi kada ya rataya a kan filogin ɗaya.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Yau aka yi gwajin da ya fi kowanne amfani. Na roƙi ƙungiyar ta ba ni ma'aikaciyar da a zahiri take sa rahotanni a shafi, domin shugaba sa hannu yake yi, ba shi ke zama gaban allo ba. Na ajiye mata kwamfuta, na ba ta rahoto ɗaya da hotuna biyu, na ce ta wallafa a kowace manhaja. Sharaɗina shi ne ba zan ce uffan ba sai ta makale sarai.

A WordPress ta fara da sauri. Editan tubala, wanda ya zo tun siga ta 5.0 a Disambar 2018, bai yi mata wuya ba: ta danna, ta rubuta, ta jawo hoto. Matsalar ta fito ne daga yawan 'yanci. Ta ga wurin canza launi ta mai da kanun labari ja, ta ƙara girman rubutun sakin layi ɗaya saboda a ganinta ya fi muhimmanci, ta kuma rubuta ranar rahoton a tsakiyar bayani domin babu inda aka tanadar mata. Ba laifinta ba ne, abin da aka buɗe mata ta taɓa. Amma in rahoto ɗari suka shiga a haka, babu biyu da za su yi kama, kuma ba yadda za a yi mai karatu ya tace su da shekara ko da yanki.

A Drupal na riga na ƙirƙiri nau'in abu mai suna rahoto, da filayensa: take, shekara, yanki, taƙaitawa, fayil ɗin saukewa. Ta buɗe ta ga akwatuna a jere, ta cike su ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗago ta ce, "Malam, ai wannan kamar cike fom ne, shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Da ta zo harshe na biyu ta danna maɓallin fassara, filayen suka sake bayyana, shekara da fayil suna nan yadda ta sa su. Nan na ga amfanin cewa tun Drupal 8, a 2015, aka shigar da harsuna da yawa cikin uwar manhajar. A WordPress sai an nemo filogin irin Polylang ko WPML.

Joomla ma tana da harsuna a cikinta, da tsarin izini mai kyau. Sai dai ta rubuta labari ta adana, ta je shafi ba ta gan shi ba, domin a can labari daban, rukuni daban, abin da ke menu daban, sai an haɗa su. Ta yi shiru tana kallon allo har na sa baki. Wanda ya saba ba zai ma lura da wannan ba, amma ni ba wanda ya saba nake gina wa ba.

A Hugo, da na ɗora masa Decap CMS domin ta samu wurin rubutu, ta iya rubutu lafiya. Da ta danna wallafa, ta sabunta shafi ba ta ga komai ba, sai ta sake dannawa. Dole na bayyana mata cewa rubutun yana tafiya ma'ajiyar Git, inda ake adana fayilolin shafin, sannan a sake gina shafin gaba ɗaya kafin ya fito. Ta gyaɗa kai, amma na ga bayanin bai zauna mata ba.

Gani ya kori ji. Da jadawalin kwatanci na intanet na bi, da wata amsar daban na samu.

Talata, 22 ga Oktoba

Na fara jigon tubala na kaina, wato abin da ke tsara fuskar shafi, a WordPress domin ƙaramin kamfanin. A fayil ɗin theme.json na kashe zaɓin launi da girman rubutu na ganin dama, na bar launuka huɗu na kamfanin kawai. Sauran ranar ta tafi a rage nauyin hotuna.

Litinin, 28 ga Oktoba

Cikas na farko mai girma, kuma daga masaukin shafin ƙungiyar ya fito. Na shiga in shirya wurin gwaji na Drupal 10, na tarar asusun nasu irin na haɗaka ne mafi araha, wanda ake cusa ɗaruruwan shafuka a sabar ɗaya. Babu SSH, wato hanyar shiga sabar daga nesa a ba ta umarni a rubuce. Sigar PHP, harshen kod da Drupal ke aiki da shi, da ke kai tsohuwa ce, alhali Drupal 10 ba ya tashi sai da 8.1 zuwa sama. Drupal na yanzu kuwa da Composer ake sarrafa shi, shi ke jawo modul, wato filogin ɗin Drupal, da duk abin da ya dogara a kai, kuma ba a gudanar da shi sai da layin umarni.

Na rubuta wa masu masaukin. Amsar farko ta zo da hanyar canza kalmar sirri, abin da ban tambaya ba. Ta biyu ta ce SSH sai a babban asusu. Na gwada dabarar haɗa komai a kwamfutata in tura ta FTP, hanyar tura fayiloli zuwa sabar. Fayilolin dubbai ne, turawar ta yanke a tsakiya, abin da ya isa can bai cika ba, shafi ya buɗe fari fat. Ko da ta yi nasara ma, ba hanyar da zan bar wa kowa ba ce. Gyaran tsaro na Drupal wani lokaci sa'o'i ne tsakanin fitowarsa da fara kai hari, kamar yadda aka gani a Oktoban 2014 da kuma 2018. Wanda zai riƙa tura dubban fayiloli da hannu a irin wannan rana ya makara.

Na kira shugaban ƙungiyar na faɗa masa kai tsaye: in Drupal za a ci gaba da shi, sai an canza masauki, kuma kuɗin shekara zai ƙaru. Ya ce, "To Malam, me zai hana mu koma wanda kowa ke amfani da shi?" Tambaya ce mai kyau. Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen mako.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Na auna hanyoyi uku. Akwai Backdrop CMS, wanda aka tsago daga Drupal a 2013 musamman domin masu shafukan Drupal 7 da ba sa son tsallen da aka yi zuwa Symfony, ginshiƙin kod da aka sake gina Drupal 8 a kai. Ƙaura zuwa can ta fi sauƙi, kuma yana zama a masauki mai araha. Abin da ya hana ni shi ne ƙarancin masu aiki da shi. In na bar su, samun wanda zai karɓa zai yi musu wuya. Akwai WordPress, amma rahotannin suna buƙatar filayen musamman, harshe biyu, da tacewa, wato filogin uku manya da dole su riƙa jituwa da juna a kowace sabuntawa. Sai Drupal 10, inda duk ukun suna cikin uwar manhajar.

Na zaɓi Drupal 10. Siga ta 11 ta fito tun Agusta, amma tana son PHP 8.3, kuma wasu modul ɗin da nake buƙata ba su kammala komawa can ba. Ta 10 tana da tallafi har 2026, hawa daga ita zuwa 11 kuma ba sake gini ba ne. Shugaban ya amince da canza masauki.

Talata, 5 ga Nuwamba

Lissafin kuɗi. Dukkan manhajojin da na gwada kyauta ne, wannan kuma shi ke yaudarar kwastoma, ya ɗauka in ya biya gini ya gama. Na raba takardar farashi gida biyu. Gida na farko abin da ake biya sau ɗaya: tsarawa, gini, ƙaura, horarwa. Na biyu abin da ke dawowa duk shekara: sunan yanki (wato adireshin shafin a intanet), masauki, lasisin duk wani filogin na kuɗi, da lokacin da zan ɓata wajen sabuntawa da kwafin ajiya.

Lasisin filogin ne ya fi ɓoyuwa. Da yawa ana sabunta su shekara-shekara, in wa'adi ya ƙare filogin yana ci gaba da aiki amma sabuntawa ta tsaya, ba wanda zai lura sai ranar da aka shigo ta nan. Daga yau duk lasisi da sunan kwastoma za a saya, da imel ɗinsa, ba nawa ba. Haka sunan yanki.

A ƙaramin shafin kamfanin na tsaya a filogin huɗu: fom, kwafin ajiya, taimakon injin bincike, da kariyar shiga. Mafi yawan ɓarakar tsaro da ake samu a shafukan WordPress daga filogin take fitowa, ba daga uwar manhajar ba, don haka kowane ƙari sai ya kawo hujjar zamansa.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Jiya WordPress 6.7 ya fito. Na sabunta kwafin gwaji na shafin kamfanin, sai ga layukan gargaɗi sun cika saman shafi, suna cewa ana ɗora fassara kafin lokacinta. Sabuwar sigar ta fara tsananta wa filogin da ke kiran rubutun fassara da wuri, kuma ɗaya cikin huɗun nawa yana yin haka. Shafin bai mutu ba, kuma gargaɗin yana fitowa ne saboda na kunna nuna kurakurai a wurin gwaji. Amma ya hana shafin shiga juyawa daidai, domin rubutu ya riga ya fita kafin sabar ta aika umarnin juyawa.

Na kashe filogin ɗaya bayan ɗaya har na gano mai laifin. Na duba tarihinsa, an daɗe ba a taɓa shi ba, tambayoyin mutane suna jibge ba amsa. Na cire shi na sa wani da ake kula da shi, na sake gina fom ɗin. Rabin yini ya tafi a haka. Na ƙara sharaɗi a takardata: kafin in sa filogin sai na duba yaushe aka sabunta shi na ƙarshe, da kuma ko mai shi yana amsa ƙorafi.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Marubuciyar ta gwada Ghost ta ce ba ta son ganin wani. Na fahimce ta. John O'Nolan ya fara shi a 2013 domin rubutu kawai, kuma wasiƙar imel da rajistar mambobi suna cikinsa ba sai an ƙara komai ba. Sai dai a kan Node.js yake, wani tushe daban da PHP, ba ya zama a masaukin PHP na yau da kullum. Wanda zai ajiye shi da kansa yana buƙatar sabar tasa, da asusun Mailgun domin tura wasiƙa ga jama'a da yawa, da Stripe domin karɓar kuɗi, shi kuwa Stripe ba kowace ƙasa yake aiki ba. Na ba ta shawarar ta biya masaukin da masu Ghost suke gudanarwa, ni in tsara mata fuska kawai. Kuɗin aikina ya ragu, amma ba zan ɗora wa mai rubutu nauyin kula da sabar ba. Batun masu biya mun ɗage shi sai ta tabbatar da hanyar karɓar kuɗi.

Talata, 26 ga Nuwamba

Ƙaurar gwaji daga Drupal 7. Kayan ƙaura da ke cikin Drupal sun kwaso masu amfani, rukunoni, da rubutun rahotanni ba matsala. Abin da ba sa kwasowa na san da shi: jigo sai an sake rubuta shi da Twig, harshen jigon sabon Drupal, jerin da aka gina da Views, kayan jera bayanai na Drupal, kuma sai an sake ƙera su da hannu.

Abin da ya ba ni wahala shi ne fassara. A tsohon shafin, wanda ya gina shi ya fara da hanyar da kowace fassara take zama shafi mai zaman kansa, daga baya wani ya zo ya kunna hanyar da ake fassara filaye a cikin shafi ɗaya. Rahotannin farko suna bin waccan, na baya suna bin wannan. Bayan ƙaura wasu sun haɗu da 'yan'uwansu daidai, wasu sun fito a harshe ɗaya kawai, wasu kuma sau biyu. Na buɗe rumbun bayanan na ware su rukuni-rukuni, na rubuta wa kowane rukuni ƙa'idar ƙaurarsa.

Sai fayiloli. Shekara da shekaru ana liƙa adireshin fayil kai tsaye cikin rubutu, wasu da cikakken sunan yankin, wasu da sunan wani tsohon yanki da ƙungiyar ta daina amfani da shi. Na fitar da jerin duk mahaɗan da suka mutu na tura wa ma'aikaciyar, ita ta san waɗanda har yanzu ake nema. Ta dawo da jerin da alama a gefen kowanne, aikin da ni kaɗai ba zan iya ba.

Adireshin tsoffin shafuka ba zan bari su canza ba. Inda dole ya canza, juyawa ta 301, wato ta dindindin, za ta kai mai nema sabon wuri, domin akwai rahotannin da wasu suka ambata a nasu rubutun tun da daɗewa.

Litinin, 2 ga Disamba

Sake gudanar da ƙaura. Fassara ta daidaita. Saura jerin tacewa da shafin farko.

Laraba, 11 ga Disamba

Jiya wata kotun tarayya a Kaliforniya ta ba da umarnin wucin gadi cewa a mayar wa WP Engine damar shiga WordPress.org, a kuma mayar masa da gurbin filogin ɗinsa. Shari'ar tana ci gaba. Shawarata ba ta canza ba.

Litinin, 16 ga Disamba

Na miƙa shafin kamfanin. Mutumin da zai riƙa kula da shi na ba shi matsayin edita, asusun mai gudanarwa kuma yana hannun mai kamfanin a rufe, sai in buƙata ta taso. Sassan shafin farko na kulle su yadda zai iya canza rubutu da hoto amma ba zai iya ture tsarin ba. Na zauna kusa da shi ya canza lambar waya, ya sa hoto, ya goge sakin layi da gangan ya dawo da shi daga tarihin gyara. Wannan na ƙarshen ne ya kwantar masa da hankali, ya ce yanzu ba ya tsoron taɓawa.

Kafin in tashi na ɗauki kwafin ajiya na jiya na tayar da shi a wata sabar daban, ya tashi cikakke. Na kuma nuna wa mai kamfanin cewa fayil ɗin fitarwa na WordPress rubutu kawai yake ɗauka, hotuna ba sa ciki, saboda haka cikakken kwafi shi ne rumbun bayanai haɗe da jakar fayiloli. Takardar miƙa aiki shafi ɗaya ce: ina sunan yanki yake, ina masauki, ina kwafin ajiya ke zuwa, yaushe kowane biya zai zo.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Jiya wa'adin Drupal 7 ya cika. Sabon shafin ƙungiyar yana kan iska tun makon jiya, tsohon na sauke shi na adana kwafinsa. Mahaɗai kaɗan sun fito a rajistar kurakurai, na ƙara musu juyawa.

Inda na tsaya yanzu: ƙananan shafukan da mai su zai riƙa gyarawa da kansa, WordPress da jigona a kulle da filogin kaɗan. Shafi mai bayanai masu tsari, ko harsuna da yawa, ko ma'aikata masu izini daban-daban, Drupal, da sharaɗin masauki mai SSH da yarjejeniyar kulawa tun ranar farko. Mai wasiƙar imel, Ghost a masaukin masu shi. Hugo na bar shi ga shafin da ni zan riƙa gyarawa, ko wanda ba a taɓa shi sai jefi-jefi. Joomla ba zan ɗauki sabon aiki da ita ba, waɗannan manhajojin sun ishe ni bibiya.

Abin da ke gaba: a tsakiyar wannan wata ake sa ran fitowar Drupal CMS, wanda aka shirya domin sauƙaƙa wa waɗanda ba masu rubuta kod ba. Zan girka shi in sake kiran ma'aikaciyar ta yi gwaji irin na Oktoba. Sannan in rubuta yarjejeniyar kulawa guda ɗaya da za ta yi wa kwastomomin uku, in kuma duba modul ɗin ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya in ga waɗanda suka shirya wa siga ta 11.